PS5 Slim Mai Faifai a Idon Mai Gidan Gem

Tambayar da aka fi yi mini tun da na sa PS5 Slim, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Sony, a shagona ita ce me ya hana ni sayen Xbox Series S ta kamfanin Microsoft, tunda ta fi araha nesa ba kusa ba. Amsata guda ce: na ɗauki wadda take karɓar faifai. Duk sauran dalilan bayan wannan suke. Ƙaramin gidan gem nake da shi a Kano, inda samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallo, kowane wasa da farashinsa. Don haka na'ura a wurina jari ce, kuma da mudun jari zan auna ta.

Sony ya fito da PS5 a watan Nuwamban 2020, mai faifai dala 499, marar faifai dala 399. Wadda ake kira Slim ta zo a Nuwamban 2023. Ƙarfinsu ɗaya da ta farko. Abin da aka yi shi ne an rage mata jiki, an ƙara ma'ajiya daga gigabait 825 zuwa terabait 1, an kuma mayar da mazubin faifan abin da ake iya cirewa a mayar. Kada sunan ya ruɗe ka, har yanzu tana da girma, sai ka nema mata wuri mai iska. Ƙafar da ake tsayar da ita a kai daban ake sayarwa, kusan dala 30, abin da ban ga dalilinsa ba ga na'ura mai wannan tsada. Ni kwantar da ita na yi a kan 'yan ƙafafu biyun da ke zuwa a cikin kwali, kuma ta zauna daram.

Abin da ya fara shiga raina shi ne saurinta. Duk wanda ya riƙe gidan gem a zamanin PS3 da PS4 ya san lokacin da ke salwanta tsakanin zaɓen ƙungiya da busa usur. Wannan ya ɗauki Real Madrid, wancan ya ce shi da Barcelona mutu-ka-raba, an gama canza 'yan wasa, sai kowa ya zuba wa allo ido ana jiran ta loda, masu layi a kan benci suna ta tsaki. A PS5 kafin mutum ya gyara zamansa an take ƙwallo. Sirrin yana cikin ma'ajiyar SSD da aka sa mata a madadin tsohuwar ma'ajiyar hard disk mai juyawa. Ga mai bugawa a ɗakinsa wannan jin daɗi ne kawai. A wurina ƙarin wasanni ne kowace yamma, musamman daga la'asar zuwa magariba da kuma bayan isha'i, lokacin da shago ke cika, janareta kuwa man da zai sha zai sha, ko ana wasa ko ana jira.

Tunda na taɓo janareta, bari in faɗi gaskiya kan wuta, domin a nan Xbox ɗin da ban saya ba ta fi. PS5 tana jan kusan watt 200 idan ana wasa mai nauyi, ban da talabijin da fanka. Series S ba ta kai watt 100 ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, wannan bambanci ya zama abin da ake zama a lissafa, haka ma ga mai sola da inbata da ke ƙirga awoyin batirinsa. Sannan ba ta son a ɗauke mata wuta tana tsakiyar aiki. Idan hakan ta faru, da ka kunna sai ta tsaya ta duba ma'ajiyarta, ta yi maka gargaɗi kafin ta ci gaba. Shi ya sa ba na barin ta a yanayin hutu, kashe ta nake yi gaba ɗaya, kuma ba na haɗa ta da soket kai tsaye sai ta bayan UPS. Ƙura kuma abokiyar gabarta ce. Alhamdu lillahi murafen gefenta da hannu ake zare su, ba sai da sukundireba ba, don haka lokacin hunturu nakan buɗe in bi bakin fankar da burushi mai laushi. Idan ana yi mata haka shiru take aiki, ba ka jin komai sai ihun masu cin ƙwallo.

Fad ɗinta, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasa da shi, mai suna DualSense, shi ne ya fi raba kan abokan cinikina. Yana da daɗin riƙo, ya cika hannu. Girgizarsa ba irin ta da ba ce da ake jin abu na ɓari kawai. Akwai ɗan wasan da ke zuwa kyauta a cikin na'urar, Astro's Playroom, wanda aka yi shi don nuna abin da fad ɗin zai iya. Na ba wani yaro ɗan firamare da ya rako yayansa ya gwada. Da ɗan mutum-mutumin ya bar kan ƙarfe ya shiga yashi sai yaron ya tsaya cak, ya juya fad ɗin yana leƙa bayansa, ya ce mini, "Yaya, wallahi akwai yashi a ciki." Haka abin yake, kana jin taku a tafin hannunka. Amma a wasan ƙwallo, madannin R2 da ake gudu da shi yakan yi tauri idan ɗan wasa ya gaji, kuma manyan 'yan wasan shagona ba sa so ko kaɗan. Mutum ya ci kuɗinsa, minti na 80, yana neman farkewa, ba ya son yatsansa ya yi kokawa da maɓalli. Ana iya kashe wannan a saiti, kuma kashe shi na yi.

Inda fad ɗin yake da rauni sanannen abu ne a duniya: batirinsa a ciki yake, ba a cirewa, kuma ba ya daɗewa kamar na Xbox mai amfani da batiri biyu na AA. A gidan gem maganin shi ne doguwar wayar caji mai kauri. An kuma yi ta ƙorafi kan 'yar sandar da ake juya ɗan wasa da ita, wadda kan fara tafiya da kanta ba a taɓa ta ba, har aka shigar da ƙara a Amurka a 2021. Farashinsa ya fara a dala 70, aka ƙara zuwa 75 a 2024. Fad ɗin PS4 kuwa ba ya aiki da wasannin PS5, sai dai na PS4 da ka sa a cikinta. A kula da jabu. Wani mai kaya ya taɓa kawo mini wanda kwalinsa ba ya da maraba da na gaske, amma da na ɗaga shi sai na ji ba nauyi, madannan baya kuma ba sa yin tauri a ko'ina. Kafin ka biya, a haɗa shi da na'ura a gabanka a buɗe Astro. Na jabu ba ya iya ɓoye kansa a wannan wasan.

Yanzu ga maganar faifai, wadda ita ce gindin komai.

Ina da wani abokin ciniki, ɗalibin jami'a mai karanta kwamfuta, masoyin Xbox na haƙiƙa, mai bin labaran kamfanonin nan kamar yadda wasu ke bin kasuwar 'yan wasan Ingila. Kullum maganarsa ita ce, "Yaya, zamanin faifai ya wuce. Da kuɗin wasa ɗaya za ka samu ɗaruruwa a Game Pass." Ba ƙarya yake yi ba. Game Pass tsari ne mai kyau ga wanda aka yi shi dominsa: ka biya kuɗin wata, ka sauke abin da kake so, sabbin wasannin Microsoft kuma suna shigowa ranar da suka fito, har da Call of Duty: Black Ops 6 a Oktoban 2024. Series S ɗin ma ba abin rainawa ba ce. Ƙarama ce, ta fito a dala 299, tana buga tsofaffin wasanni da yawa na Xbox 360, tana kuma iya riƙe wasanni da dama a dakace ka koma daidai inda ka tsaya, abin da PS5 ba ta yi.

Abin da nake ce masa shi ne, ƙanena, wa aka yi wa lissafin nan? An yi shi ne ga mai intanet na gida marar iyaka, mai wutar da ba ta ƙiftawa, mai katin banki da ke biyan dala ba tare da ya roƙi kowa ba. Manyan wasannin yanzu suna haura gigabait 100. Series S ta farko gigabait 512 aka rubuta mata, abin da ke rage maka bayan manhajar na'urar kusan 364 ne, ƙarin ma'ajiyarta kuma kati ne na musamman mai tsada, alhali PS5 tana karɓar SSD irin na kwamfuta da ake samu a kasuwa. Ke nan ka sauke uku ko huɗu, ka goge ɗaya don ka sa wani, in ka yi kewarsa ka sake sayen data. Sabon wasan ƙwallo na kamfanin EA, wanda shi ne abincin gidan gem, ba ya shiga tsarin sai bayan watanni da fitowarsa. Ranar da ka kasa biyan kuɗin wata kuwa, duk abin da ka ƙona data ka sauke zai kulle. Zanen aro ba ya rufe katara. A ranar 1 ga Oktoban 2025 Microsoft ya ɗaga Game Pass Ultimate daga dala 19.99 zuwa 29.99 a wata, ƙarin rabi a tashi ɗaya, kuma wanda ya riga ya sayi na'urar da ba ta da mazubin faifai ba shi da wata ƙofa sai kantin kamfanin.

Faifai kuwa naka ne. Ina sayen na ƙwallo idan ya fito, shekara ta zagayo in sayar da tsohon in cika in ɗauki sabo. Muna musanya da wani mai shago irin nawa, ya ba ni Mortal Kombat in ba shi God of War. Kusan duk faifan PS4 suna aiki a cikinta, kuma na hannu sun cika kasuwa. Wasan mutum biyu a kan talabijin ɗaya ba ya neman intanet. Ban ce faifai ya raba ka da data kwata-kwata ba. Akwai sabuntawa da ake saukewa, shi kansa mazubin faifan na Slim ana buƙatar a haɗa da intanet sau ɗaya don ya yi rajista da na'urar, kuma wasu kamfanoni sun fara sayar da faifan da kusan babu komai a cikinsa. Na Call of Duty: Modern Warfare II a 2022 abin da ke kansa bai kai megabait 100 ba, sauran sai an sauke. Wannan dabi'a tana ba ni takaici ƙwarai, domin suna ne na faifai babu amfaninsa. Duk da haka yawancin wasannin da Sony ke yi da kansa suna shiga daga faifai a buga su.

Wannan gardama ba sabuwa ba ce. A 2013, da Microsoft ya gabatar da Xbox One, ya zo da sharaɗin na'ura ta riƙa leƙa intanet kowace awa 24, da ƙa'idoji kan ba da aron faifai da sayar da shi. Shugaban sashen na lokacin, Don Mattrick, ya nuna cewa wanda ba shi da intanet sai ya tsaya a Xbox 360. Sony ya mayar da martani da ɗan gajeren bidiyo inda jami'insa Shuhei Yoshida ya miƙa wa abokin aikinsa faifai hannu da hannu, alamar a PS4 haka ake ba da aro, ya kuma sa farashi dala 399 a kan 499 na Xbox One. Microsoft ya janye sharuɗɗan cikin 'yan kwanaki, amma ɓarnar ta riga ta auku. Phil Spencer, wanda ya daɗe yana jagorantar Xbox, ya amsa da bakinsa a 2023 cewa wancan zamanin shi ne mafi munin wanda za a faɗi a cikinsa, domin a lokacin ne mutane suka tara wasanninsu a asusu, kuma wanda ya tara ba ya ƙaura cikin sauƙi.

Daga nan Microsoft ya koma sayen kamfanoni. Ya sayi ZeniMax, uwar Bethesda, a dala biliyan 7.5, aka kammala a 2021. A Janairun 2022 ya sanar da sayen Activision Blizzard, kamfanin da ke yin Call of Duty, a dala biliyan 68.7. Na tuna yadda shagona ya ɗauki zafi a lokacin, masu Xbox suna cewa Call of Duty ya bar PlayStation ke nan. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kai ƙara, ta Birtaniya ta hana da farko, sai da aka miƙa wa wani kamfanin wasanni, Ubisoft, haƙƙin watsa wasannin ta intanet kafin ta amince, aka rufe cinikin a Oktoban 2023. Kafin nan an riga an sa hannu da Sony cewa Call of Duty zai ci gaba da fitowa a PlayStation har shekara goma. Abin da ya biyo baya babu wanda ya yi hasashensa a bencina. A 2024 Microsoft ya fara kai wasanninsa gidan abokin hamayya, Sea of Thieves da Hi-Fi Rush na cikin na farko. A 2025 Forza Horizon 5 da Indiana Jones and the Great Circle da Gears of War suka bi, har aka sanar da cewa Halo, wanda shi ne tutar Xbox tun 2001, zai zo PS5. Ga mai saye, lissafin ya fito fili: mai PS5 yana samun Spider-Man da God of War da Astro Bot, yana kuma samun da yawa daga na Xbox. Mai Xbox ba ya samun akasarin na Sony.

Yaran shagona masu son PlayStation suna murna da wannan kamar ƙungiyarsu ta ɗauki kofi. Ni ba na murna, kuma ina gaya musu dalili. Abin da ya sa Sony ya tsaya wa mai faifai a 2013 tsoron abokin takara ne. Yanzu da tsoron ya ragu, a dubi abin da ke faruwa. A Satumban 2023 kuɗin PlayStation Plus, tsarin Sony da ake biya don buga wasa da wasu ta intanet, mafi ƙanƙanta na shekara ya tashi daga dala 60 zuwa 80. A Nuwamban 2024 PS5 Pro, mai ƙarin ƙarfi, ta fito a dala 699 babu mazubin faifai, sai ka ƙara dala 80 ka saya daban. A Agustan 2025 aka ƙara dala 50 a kan kowace PS5 a Amurka. Microsoft shi ma ya ƙara sau biyu a shekarar, har Series S ɗin da ta fara a 299 ta kai 399. A da, na'ura in ta yi shekara biyar sauka farashinta yake yi, shi ya sa PS2 ta shiga kowane lungu har aka sayar da fiye da miliyan 160. Wannan karon hawa yake yi. Mu kuma a nan sau biyu abin yake dukan mu, tunda dala ta haura naira 1,500 a 2024. Dala 500 kaɗai naira 750,000 ke nan, kafin kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dukkansu biyu ba su lissafa da mu. Idan za ka buɗe asusun PlayStation ba za ka ga Najeriya ko Nijar a jerin ƙasashe ba, Game Pass ma ba a sayar da shi a hukumance a nan. Kowa sai ya zaɓi Amurka ko Ingila, ya riƙa sayen katin kuɗi daga 'yan tsakiya da ƙari a kai. A Mayun 2024 aka ga illar wannan a fili, lokacin da Sony ya ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa asusun PlayStation, aka cire wasan daga kantin Steam a ƙasashe fiye da 170 da ba a ba su damar buɗe asusun ba, akasarin Afirka a ciki. Sai da 'yan wasa suka yi ca a kansa kafin ya janye sharaɗin. A 2024 ɗin dai Sony ya sallami ma'aikata kusan 900, Microsoft ya sallami 1,900 a sashen wasanni a Janairu kaɗai, ya kuma rufe Tango Gameworks, waɗanda suka yi Hi-Fi Rush da kowa ke yabo, kafin kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu ya karɓe su. Sony ya zuba dukiya a wani wasa mai suna Concord, ya fitar da shi a Agusta, ya janye shi bayan mako biyu ya mayar wa mutane kuɗinsu, ya rufe kamfanin da ya yi shi. Mutanen da suka yi mana wasannin da muke ƙauna su ne ke rasa abinci, mu kuma muna nan muna zagin juna a kan tambari. Ba na yarda a yi wannan zagin a shagona.

Nintendo kuwa hanyarsa daban. Switch 2 ta fito a Yunin 2025 a dala 449.99, aka sayar da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu. Na'ura ce mai kyau ga gida mai yara, amma babu wanda ya taɓa shigowa wurina ya tambaye ta.

To wa ya kamata ya sayi PS5 Slim? Mai gidan gem da abokan cinikinsa suka fara neman sabon abu, da mai gida da ke son na'ura ɗaya da za ta kai shi shekaru. Idan ƙwallo kaɗai kake bugawa kuma PS4 ɗinka lafiyarta ƙalau, kada ka yi gaggawa, EA ya ci gaba da fitar mata da wasan shekara bayan shekara tun bayan rabuwarsa da FIFA a 2023. Amma wasan GTA VI, wanda kamfanin Rockstar ya ɗage har zuwa 19 ga Nuwamban 2026, an sanar da shi ne a PS5 da Xbox Series kawai, kuma duk mai gidan gem ya san yadda yara suke da GTA tun zamanin San Andreas. Mai sola ƙarama da intanet mai ƙarfi a gida, wanda ba ya damuwa da sayar da wasa bayan ya gama, Series S za ta yi masa. PS5 Pro kuwa sai mai babban talabijin na 4K zai ga bambancin da ya biya wa kuɗi.

Idan ka tashi saye, ka tabbatar mai faifai ce, don kwalayen biyu sun yi kama. In ta hannu ce, a kunna ta a gabanka, a sa faifai ka ji yadda take karɓa, a bar ta ta yi wasa mai nauyi na ɗan lokaci ka saurari fankar, a kuma shiga intanet da ita don ka tabbatar ba a toshe ta ba. Kada ka biya ƙarin kuɗi don wasannin da ke cikin asusun mai sayarwa, domin ranar da ya canza kalmar sirri ko ya cire na'urar daga asusunsa sun tafi. Ka buɗe naka asusun, ka kuma yi tunani kafin ka zaɓi ƙasa, don ba a canza ta daga baya, kuma ƙarin kayan wasa da za ka saya a kanti sai sun dace da yankin da faifanka ya fito.